Takardar da Ban Sa wa Griselda Hannu Ba

Griselda Paucar 'yar ƙanwata Fermina ce. An haife ta a nan Tinyas, a gidan da ke bayan coci, shekarar da ƙanƙara ta kashe mana dankali tun yana fure. Ubanta Anacleto direban motar kaya ne, yana hawa da sauka tsakanin garinmu da Lima, har ranar da motar ta zame da shi a wata kwanar dutse, yarinyar tana da shekara huɗu. Tun daga nan ni na zama mata uba. Haka mutane suka ɗauka, ni ma haka na ɗauka.

Fermina cuku take yi ta sayar, shanunta uku. Griselda ta tashi tsakanin tukunyar madara da maɓuɓɓugar Urpi, inda matan gari ke ɗiban ruwa. Ba yarinya ce mai surutu ba, amma in ta kafa ka da tambaya ɗaya ba ta saki. Wata rana da rani, tana aji uku, ta same ni ina buɗe wa gonar wake ruwa, ta tsuguna kusa da ni.

"Kawu, wata biyar ba a yi ruwan sama ba. To wannan da ke fitowa a Urpi, ina yake zaune kafin ya fito?"

"A cikin dutse."

"Wa ya zuba shi a ciki?"

"Allah."

"Ta ina?"

Na ce ta tashi ta tafi, uwarta na nemanta.

Malaminsu ne ya matsa wa Fermina ta bar ta ta ci gaba da karatu. Ta yi sakandare a garin da ke kwari, daga nan ta wuce jami'a a Lima, ta karanci aikin ruwa. Fermina ta sayar da saniya ɗaya, bayan shekara biyu ta sayar da ta biyu, ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Duk motar Juma'a sai ta saka wa 'yarta cuku da gasasshiyar masara a ƙunshi.

Lokacin da Griselda ta dawo tana da shekara ashirin da shida. Ni kuma shekarata shida ina shugabancin kwamitin ruwa. Mabuɗin ƙofar magudana yana hannuna, littafin rabon ruwa yana hannuna, hatimin gari yana cikin akwatina. Abin da muke so a lokacin ɗaya ne: tafkin siminti a kwarin da ke saman gari, irin wanda maƙwabtanmu suka samu. Na yi shekara huɗu ina sintiri a ofisoshin gunduma a kan maganar, har an fara yi mini alkawari. Da aka ji 'yar Fermina ta zama injiniya tana dawowa, kowa ya ce shi ke nan, tafki ya samu mai tsaya masa.

Ta sauko daga mota da jakar goyo, da bokiti biyu, da agogon auna lokaci, da wasu sandunan ƙarfe masu lamba. Rufino Yupari, wanda ya fi kowa shanu kuma ya fi kowa baki a garin, yana tsaye a dandali. Ya dubi kayan, ya dubi Fermina.

"Fermina, wannan ce injiniyar tamu? Shekara bakwai a Lima, ta dawo mana da bokiti? Ai da kin yi magana da na ba ta nawa kyauta, ta huta da karatun."

"Don Rufino, naka yana yoyo," in ji Griselda, ta haɗa masa da Don, laƙabin da muke girmama manya da shi. "Tun ina ƙarama nake ganinsa."

Aka yi dariya, har shi. Amma sunan ya bi ta. Daga ranar Injiniyar Bokiti ake ce mata.

Bincike ta zo yi don digirinta na biyu. Kullum da safe takan zagaya maɓuɓɓugai goma sha ɗaya da ke kewaye da gari, ta tara bokiti, ta duba daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya cika, ta rubuta. Damina da rani, ranar biki da ranar makoki. Tun ana tsokanarta har aka gaji aka saba, kamar yadda ake saba wa mai tallan burodi. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da muhimmanci, Don Melquíades, tsohon da ya haura tamanin, wanda ba ya ji sosai. Shi ya hau da ita tsauni a kan jaki ya nuna mata amuna, tsohuwar magudanar duwatsu da kakanninmu suka gina a gefen tsauni, wadda ke janye ruwan rafi da damina ta baza shi a kan gangare ya nutse. Zamanin ubana ana yashe ta duk shekara da ganga da giyar masara. Da samari suka fara guduwa birni sai aka bari, ta cike da ƙasa da ciyawa. Mu a ganinmu al'ada ce kawai ta tsofaffi, hujjar shan giya a kan dutse.

Su biyu suka gyara wani ɗan yanki, bai fi taku ɗari biyu ba. Tsohon yana zaune yana tauna ganyen koka yana nuni da sanda, ita tana ɗaukar duwatsu. In ta ɗora ba daidai ba ya ce, "A jami'ar ba a koya muku cewa dutse yana da ciki da baya ba?" Ta sauke ta juya shi.

A cikin shekara ta biyu ta zo gidana ta shimfiɗa taswira a kan tebur. Ta ce kwarin da muke son gina tafki dutsen ƙarƙashinsa duk a tsattsage yake, siminti ba zai daɗe a kai ba. Ta ce tana zaton ruwan Urpi na rani daga amuna yake zuwa, ruwan damina ne da ya nutse yana tafiya a hankali a ƙarƙashin ƙasa, kuma da za a gyara ta gaba ɗaya da ta fi tafkin amfani. Raina ya ɓaci. Na ce mata ta san sau nawa na kwana a kan benci a gunduma don wannan tafkin? Ta ce ta sani, shi ya sa ta fara faɗa mini kafin kowa. Na ce zato ne dai. Ta ce zato ne, amma akwai hanyar tabbatarwa.

Bayan mako biyu ta tare ni a hanya, ina jan alfadari zuwa gona.

"Kawu, ina so in zuba wani launi kore a amuna, in ga ko zai ɓullo a maɓuɓɓugai. In ya ɓullo, mun san hanyar ruwan."

"Ba ya cutarwa?"

"Ko jariri zai sha."

"To zuba mana."

"In kawo maganar taron gari tukuna?"

"Taron me? Ni ne kwamitin. Je ki yi aikinki."

Alfadarin yana ta fizga, na wuce. Ban sake tunanin maganar ba.

A watan Fabrairu, damina ta kankama, ta zuba. A lissafinta launin zai narke a cikin ƙasa har ido ya kasa ganinsa, shi ya sa ta ɗaura ƙananan ƙunsoshin gawayi a bakin kowace maɓuɓɓuga, su kama shi, a duba a Lima. Amma akwai wata 'yar tsaga da ba ta sani ba. A rana ta tara, ruwan kwamin da shanu ke sha a ƙasan gari ya wayi gari kore shar, yana ƙyalli. A makon kuma saniyar Rufino ta kumbura ta mutu. Ga shi a shekarar an ga mutanen wani kamfanin haƙar ma'adinai suna kafa turaku a bayan tsauni, kowa a tsorace yake. Kafin Lahadi magana ta gama gari: yarinyar kamfanin take wa aiki, shekara biyu tana auna ruwanmu don ta sayar musu, yanzu ta fara zuba guba.

Bayan an tashi daga coci aka taru a zauren gari. Ban taɓa ganin zauren ya cika haka ba. Rufino ya ajiye kwalbar koren ruwa a kan tebur, a gabana.

"Ga karatun Lima," ya ce. "Ga abin da Fermina ta sayar da shanu ta saya mana."

Griselda ta tashi ta yi bayani. Ta yi shi a hankali, da harshenmu, ba da yaren jami'a ba, amma hayaniya ta hana a ji. Da ta ga haka sai ta miƙa hannu ta ɗauki kwalbar, ta kafa kai ta shanye rabi. Can daga baya wani ya ce, "Ai ta riga ta sha makari!" Aka sake kaurewa.

Sai wata mata ta ɗaga murya: "Ni tambayata ɗaya. Wa ya ba ta izinin zuba abu a ruwan da 'ya'yanmu ke sha?"

"Shugaban kwamiti," in ji Griselda.

Duk aka juyo gare ni. Zaɓen kwamiti saura mako uku. Mutanen gunduma sun ce a watan Afrilu za a aza harsashin tafki. Ban yi dogon tunani ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yau, yadda maganar ta fito da sauƙi.

Na ce, "Ta yi mini maganar a hanya. Amma magana a hanya ba izini ba ce."

Ta dube ni. Sannan ta zauna. Fermina ce ta miƙe daga cikin mata, ta ce, "Teodosio, kai ne ka faɗi haka? Da bakinka?" Na buɗe littafi na ce a kaɗa ƙuri'a. Aka yanke cewa Griselda Paucar ba za ta sake taɓa wata maɓuɓɓuga ko magudana ta Tinyas ba. Hannu biyu ne kawai suka ƙi, na uwarta da na Don Melquíades, wanda sai da aka yi masa ihu a kunne kafin ya gane abin da ake yi. Da yamma samari suka bi suka tuge sandunanta suka jibge a ƙofar gidan Fermina. Motar Litinin ta tafi da ita.

Ƙunsoshin gawayin ba wanda ya lura da su. Fermina ce ta riƙa cire su in ta je ɗiban ruwa, ta ɗaura sababbi yadda 'yarta ta nuna mata, ta cusa tsofaffin a cikin ƙunshin cuku ta aika a motar Juma'a. Wata biyar tana yin haka. Da su aka gano cewa launin ya isa Urpi bayan kwana arba'in da bakwai, kuma ya ci gaba da fitowa har tsakiyar rani. Griselda ta rubuta aikinta ta gama. Duk wannan daga baya na ji.

Aka sake zaɓena, aka fara ginin tafki. A watan Nuwamba na shekarar da ta biyo, ina zaune da rana matata Hermelinda tana zuba miyar dankali, sai ga Griselda a bakin ƙofa. Ta rame. Ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, Hermelinda ta rungume ta ta zaunar da ita ta zuba mata.

Ta fito da takarda daga jaka. Akwai wata ƙungiyar masana ruwa ta ƙasashen yankinmu da ke karrama matasan masu bincike duk shekara, waɗanda ba su kai talatin da biyar ba kuma ba su daɗe da fara aiki ba. Wanda ya ci, ban da lambar yabo, ana ɗaukar nauyin bincikensa shekara uku. Mutum sama da ɗari biyu suka nema, ita tana cikin biyar na ƙarshe. Abu ɗaya ya rage: takarda daga garin da aka yi aikin, mai shaida cewa da sanin shugabanninsa aka yi, kuma suna son a ci gaba.

"In na samu, Kawu, nan zan dawo. A gyara amuna gaba ɗaya, a auna a ga abin da za ta bayar. Layi huɗu ne, na riga na rubuta. Hannu kawai za ka sa da hatimi."

Na karanta sau biyu. Layi na biyu yana cewa an yi gwajin launi da izinin shugaban kwamiti. In na sa hannu, na ƙaryata kaina a rubuce. Kuma a ƙasa ana maganar amuna, alhali motocin siminti suna hawa kullum.

"Wannan maganar gari ce," na ce. "Sai an kai ta taro."

"Yaushe ne taron?"

"Lahadin farko ta Disamba."

"Ranar ashirin ga wannan watan ake rufewa."

"To ba laifina ba ne. Da kin zo da wuri."

"Shekaranjiya aka sanar da mu. Kawu, hatimin yana cikin wancan akwatin, ina ganinsa daga nan."

"Ba nawa ba ne, na gari ne."

Ta ajiye cokali. "Ranar da na ce in kai maganar taro, ka ce kai ne kwamitin."

Ta ɗauki cokalin ta gama shan miyarta tas, ta yi wa Hermelinda godiya, ta ce har yanzu ba mai miya irin tata. Ta bar takardar a kan tebur, ta ce tana gidan uwarta har motar Litinin. Da ta fita Hermelinda ta tura mini kwanona.

"Ci abincinka, tunda kai kana iya haɗiya."

Kwana uku takardar tana kan tebur. Sau ɗaya har na buɗe akwatin na ɗauko hatimin, sai na ji muryar Rufino a waje yana kirana mu je duba ginin, na mayar. Ranar Litinin na tafi gona tun da sassafe don kada in ji ƙahon mota.

Ta aika da takardunta ba tare da tawa ba. Alƙalan suka rubuto mata cewa aikin yana da kyau ƙwarai, amma sun sami labarin garin ya hana ta taɓa ruwansa, ba za su iya ɗaukar nauyin binciken da masu wurin ba sa so ba. Wani saurayi mai aiki a kan wani kogi a wata ƙasa ya ci. Ba ni da abin cewa a kansa, wataƙila ya cancanta. Ɗan aikin da take yi a jami'a na wucin gadi ne, ya ƙare a watan Maris, malamin da ke riƙe da ita kuma ya yi ritaya. Ta nemi wani wurin wata takwas, ba ta samu ba. Daga ƙarshe ta shiga wata masana'antar lemon kwalba a bayan Lima, tana gwada tsabtar ruwan da ake haɗa lemon da shi.

An buɗe tafkinmu da 'yan badujala, ni na yanke ƙyalle. Shekarar farko ya cika maƙil, muka yi ta ɗaukar hoto, amma kafin Yuli ya kai ƙasa. Muka ce sabo ne, simintin yana sha. Shekara ta biyu tsaga ta fito daga wannan bango zuwa wancan, har hannu yana shiga. Aka liƙe, ta buɗe a wani wurin. Daga nan damina ta yi mana rowa shekara uku a jere. Urpi ta koma kamar zare, mata suna layi tun asuba, maƙwabta da suka girma tare suna zagin juna a kan rabin awa na ban ruwa. Rufino ya sayar da rabin shanunsa. Ni da ke riƙe da littafin rabo, ba zagin da ban sha ba.

A shekara ta biyu ta farin Don Melquíades ya kwanta ciwon ajali. Na je gaishe shi, ya riƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Teodosio, ka hau ka gyara abin nan. Kunyar yarinya kake ji, gari yana mutuwa."

Allah ya jiƙansa, bai ƙara mako ba. Duk da haka sai da na ƙara shekara guda kafin na taka gidan Fermina. Shekara shida ke nan ba ta shiga gidana ba, a coci ma gefe take bi. Na tsaya a ƙofa da hula a hannu na ce ko yarinyar ta bar taswirar nan. Ba ta ce in shigo ba. Ta shiga ta fito da littafi mai baƙin bango, ta miƙo mini ta rufe ƙofa. A shafin farko an rubuta cewa an sadaukar da aikin ga Fermina, da Don Melquíades, da Kawu Teodosio wanda ya fara koya mata buɗe ruwa. Na duba kwanan wata. Bayan taron ne aka buga shi.

Muka yi gayya. Mutum sittin, mako uku, muna bin taswirarta taku bayan taku, inda ta ce a faɗaɗa mu faɗaɗa, inda ta ce a bar ruwa ya malala mu bari. Rufino ma ya ɗauki duwatsu, bai yi tsokana ko sau ɗaya ba. Shekarar da ta biyo muka ƙarasa sauran. Da rani ya zo, Urpi ba ta ƙafe ba har Oktoba, wasu maɓuɓɓugai biyu da tun ina saurayi suka mutu suka farfaɗo.

Labari ya bazu, baƙi suka fara hawowa da motoci masu tsayi da na'urorin ɗaukar hoto. Wata rana aka aiko cewa za a karrama Tinyas a Lima, shugaba ya zo ya karɓa. Sai da na shiga zauren otal ɗin, cikin kwat ɗin aro, na ga sunan ƙungiyar a bango, na gane ita ce wadda Griselda ta nemi lambarta. Kafin a zo kanmu aka kira matasa uku aka ba su lambar masu bincike ta shekarar. Ɗaya daga cikinsu, wata yarinya mai tabarau, ta ce a jawabinta aikin Paucar ne ya sa ta shiga wannan fanni, tana fatan wata rana ta haɗu da shi ta yi masa godiya. Ta ɗauka wani tsohon farfesa ne.

Da aka kira ni aka ce ga mai riƙon ilimin kakanni, aka miƙo mini allon tagulla, aka ba ni minti biyu. Na ce ba ni ba ne. Na ce Griselda Paucar mace ce, 'yar garinmu ce, ita ta yi aikin, mu kuma muka kore ta. Aka tafa, kamar yadda aka tafa wa kowa. Bayan an tashi wata mata daga cikin masu shirya taron ta zo da murna ta ce ina take, lallai ta nema baɗi.

"Shekararta nawa?"

"Talatin da shida."

"Ayya," ta ce. Ta ba ni katinta.

Washegari na hau motoci uku zuwa masana'antar. Na tsaya a ƙofa har aka busa ƙahon cin abincin rana. Ta fito da farar riga, gashinta a cikin raga, ta yi ƙiba kaɗan. Da ta gan ni ta tsaya, sannan ta zo ta sumbaci kuncina. Ta kai ni wurin wata mai abinci a bakin titi, ta sa aka zubo mana shinkafa da kaza. Na kwance allon daga ƙyalle na ɗora a kan tebur.

"Naki ne."

Ta karanta, ta goge wani ɗan tabo da babban yatsa. "Ina zan rataye shi, Kawu? Sunan gari ne a kai. Ka kai zaure."

Na faɗi abin da na zo faɗa. Ban iya tsara shi ba, duk abin da na shirya a mota ya watse. Na ce na ba ta izini, na tuna sarai, da alfadarin da wurin da muka tsaya. Na ce na ɗauko hatimin na mayar.

"Na san ka tuna," ta ce. "Tun a zauren na sani."

"To me ya hana ki ƙaryata ni?"

"In ƙaryata ka a gaban gari? Ni mota zan hau. Mama fa, a can za ta ci gaba da zama."

Ta tambayi Urpi, ta tambayi maɓuɓɓugai biyun da suka dawo, da sunayensu. Na ce baƙin nan sun yi alkawarin shafe mana ƙasan amuna da siminti don ta yi ƙarko. Sai ta ajiye cokali da ƙarfi.

"Kada ku yarda! In kun shafe ta ina ruwan zai nutse? Bangon waje kawai, shi ma daga kwanar farko zuwa babban dutse."

Ta jawo takardar goge hannu ta fara zane, tana magana da sauri, fuskarta ta koma ta yarinyar da ta sauko daga mota. Ta cika takarda ɗaya ta jawo ta biyu. Na ce ta dawo, gari zai rubuta duk takardar da take so, mu sa hannu mu duka.

Ta daina zanen. "Shekara bakwai rabona da bincike, Kawu. Waɗanda muka fara tare sun yi nisa. Ina da yara biyu, ga makarantarsu, ga aikin mijina a nan." Ta dubi takardun. "Da na so ƙwarai. A lokacin."

Aka busa ƙahon komawa aiki. Ta ninke takardun biyu ta sa mini a aljihu, ta faɗa mini lambar motar da zan hau, ta maimaita don kada in ɓata, ta shiga.

A taron da ya biyo na miƙe na faɗi gaskiya a gaban gari, na sa aka rubuta a littafi, aka soke hukuncin da aka yanke mata. Rufino ya miƙe bayana, ya ce tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, saniyarsa ciyawar alfalfa mai raɓa ta ci ta kumbura, kuma ya san haka tun ranar. Aka kaɗa ƙuri'a aka sa wa amuna sunanta. Na sauka daga shugabanci a ƙarshen shekarar. Fermina ta fara amsa gaisuwata, amma har yanzu ba ta ci abinci a gidana ba.

Griselda ta yi godiya ta waya. Ta zo da Ista da ta wuce, ita da yaran, karonsu na farko a Tinyas. Mun shirya za mu hau da ita ta ga aikin, har an tanadi doki da masu ganga. Sai ƙaramin, wanda a can Lima bakin teku aka haife shi, tsayin wurinmu ya kayar da shi, yana amai yana kukan ciwon kai. Kwana biyu suka yi a ɗakin Fermina, a rana ta uku suka sauka.